Kufaifan Mahaƙa Dalma: Abin Lura Daga Ƙasar Sakaba

A cikin wannan takarda muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa manazarta ga wani ruɗani da ke tattare da kalmar dalma, domin shi ne yakan ɓad da mai neman wuraren da mahaƙan farko suka zauna. Bahaushe yakan kira ƙarfe iri biyu da wannan suna, watau wanda ake narkarwa daga kuza, da kuma mai nauyin nan da ake samu daga dutsen tozali. Riruwai ta ƙasar Kano da takwararta Riruwan Dalma garuruwan masu narka kuza ne, ko da yake sunan ta biyun ya isa ya yaudari mutum. Dutsen tozali kuwa sai an gangara kwarin Binuwai, wajen Zurak ta ƙasar Wase, da Arufu kusa da Wukari, inda fatake suka riƙa sayensa domin kwalli.

To, idan muka komo Sakaba da sauran ƙasar Zuru, kufaifan da ke bisa duwatsu sukan nuna harsashin ɗakuna da duwatsun niƙa, wani wurin har da kashin maƙera. Wannan shaidar narkar da tama ce, kuma a ganinmu kuskure ne a yi hanzarin jingina ta ga mahaƙa dalma.

Amma fa akwai inda dalma ta shafi maƙwabtan wannan yanki, domin a wasu ramuka zinariya haɗe take da ita. A shekarar 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Haka ta sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja a 2015. Gidan mahaƙi shi ne ma'aikatarsa ke nan, ga shi kuma dalma ba ta ruɓewa cikin ƙasa ko bayan ƙarnoni.

Saboda haka, duk kufan da aka tarar da ramukan haƙa kusa da shi, tare da turamen dutse, ya kamata a ɗebi ƙasarsa a auna kafin a sa ɗalibai tono, sa'an nan a sanar da dagaci sakamakon, tun da galibi irin waɗannan wurare sun riga sun zama gonaki.