Karatu a ƙasar waje: wa ke biya, kuma me ke rage wa iyaye?

 Duk shekara in sakamakon bak ya fito, tambaya guda ce ke yawan zo mana: yaro ya ci, yana son ya fita waje karatu, to da wane kuɗi? Wasu iyayen suna jin "bursu" sai su ɗauka an gama komai. Wasu kuma ba su ma san akwai ta ba, sai su fara tunanin jinginar da gona. Bari mu bi abin daki-daki.

Ƙofar farko tana Yamai, ita ce hukumar ANAB mai kula da bursu da alawus na ɗalibai. Ta hannunta ake samun bursun ƙasa, da taimakon da ake ba wasu ɗaliban da ba su samu bursu ba, da kuma bursun haɗin gwiwa, wato guraben da ƙasashe abokai irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar. Ana duba makin da yaro ya samu a bak, ana duba shekarunsa, ana duba fannin da yake so. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma lokacin ajiye takardu gajere ne. A nan yaran ƙauye ke faɗuwa, ba don rashin ƙoƙari ba. Sanarwa ta fita a Yamai, ɗan birni ya gani ran nan, namu yana gona yana noma, kafin labari ya iso shi an rufe. Saboda haka takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, takardar maki da hotuna, a tanade su tun kafin jarrabawa, a kai kwafinsu a buga musu hatimi. A kuma duba suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi ɗaya in ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta bak, yana iya tsayar da fasfo.

To, a ce yaro ya dace. Me bursun ke ɗauka? Mu ɗauki Maroko, da yake can ne da yawa ke zuwa. Hukumarsu ta AMCI tana ba ɗalibi gurbi a makarantar gwamnati ba tare da kuɗin karatu ba, da kuɗin aljihu, wanda a da dirhami 750 ne a wata, wato wajen jika 45 a kuɗinmu. A Matamaye jika 45 kuɗi ne. A Rabat ko Kazabalanka kuwa, in ɗalibi bai samu ɗaki a gidan ɗalibai ba, haya kaɗai tana iya cinye su, ga abinci, ga mota, ga littattafai, ga rigar sanyi da bai taɓa bukata ba a nan. Shi ya sa ɗalibai ke haɗuwa uku ko huɗu su kama ɗaki guda. Cikon da ake jira daga gida kuma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Jinkirin biyan bursu tsohon ciwo ne a ƙasar nan, shi ne ya sha fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN yajin karatu. Ɗalibin da ke jami'ar André Salifou a Damagaram, in kuɗi suka makara, ya hau mota ya zo gida ya ci tuwo. Wanda ke Fes ba ya da wannan damar. Don haka duk gidan da zai tura yaro, ko da bursu ne, ya yi lissafin abin da zai riƙe shi wata uku ko huɗu ba tare da ya ga ko dala ɗaya daga hukuma ba.

Akwai kuma bursun da yaro ke nema da kansa ta intanet, ba sai ya bi ta Yamai ba. Wadda ta fi cika a cikinsu ita ce ta gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Tana biyan kuɗin makaranta, da wurin kwana, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi na zuwa da na komowa bayan kammalawa, da kuɗin aljihu duk wata, sannan a koya wa ɗalibi harshen Turkanci shekara guda kafin ya fara. An saba buɗe rajista daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mai neman digirin farko kuma sai yana ƙasa da shekara 21. Rajistar kyauta ce. Mu maimaita, kyauta ce. In wani ya ce ku kawo jika ɗari biyu zai "shigar da sunan" yaro, ku riƙe kuɗinku. Abin da ya halatta ku biya shi ne ladan mai kwamfutar da ya taimaka aka cika takardu. Ga masu karatun Arabiyya, jami'ar Musulunci ta Madina da Al-Azhar ta Masar suna ɗaukar ɗalibanmu tun da daɗewa, ta Madina kuma tana ba da wurin kwana da alawus.

Faransa fa? Da can ita ce mafarkin duk wanda ya yi lise. Amma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar ta yi wuya, ofishin jakadancinsu a Yamai ma an rufe shi a farkon Janairun 2024. Ko da a ce hanya a buɗe take, ku ji lissafin. An yi shekaru ana bin ƙa'idar cewa kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da yuro 615 na kowane wata. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kenan sama da jika 400 a wata, kusan miliyan 5 a shekara. Ƙari a kan haka, tun 2019 sun ɗaga kuɗin rajista ga ɗaliban da ba ƴan Turai ba, ya kai yuro 2,770 a shekara a digirin farko lokacin da aka fara, ko da yake wasu jami'o'in suna yafewa. Buhun gero nawa, damin rake nawa za a sayar a tara wannan? Ga yawancinmu, in ba cikakkiyar bursu ba, wannan ba ƙofarmu ba ce.

Yanzu maganar bashi, don ƴan uwa na waje sun sha kawo ta. Wani yana Amurka ya ga ɗaliban can suna karatu da rancen gwamnati, sai ya bugo waya ya ce a turo yaro kawai. Wannan rancen na ƴan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ba ya ciki. Abin da ya rage masa shi ne bashin banki, wanda galibi sai wani mazaunin can ya tsaya masa, kuma da ruwa a kai. In yaro ya kasa biya, wanda ya sa hannu shi za a kama. Haka ma NELFUND da Najeriya ta buɗe a 2024: gaskiya ne ba ruwa a kanta, amma ta ƴan Najeriya ce masu karatu a makarantun gwamnati na cikin ƙasarsu. Ba ta kai kowa waje.

Najeriyar kanta kuwa, mu nan ba ma ɗaukarta ƙasar waje, tunda daga Ɗan Barto ka tsallaka Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. A ganinmu iyaye ba su cika ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Tun da naira ta faɗi a 2023, mai riƙe da sefa ya samu sauƙi wajen biyan kuɗin makaranta da haya a can. Yaro yana kusa, yana da dangi, harshen kasuwa nasa ne, a aika masa gero da mai a mota. Wahalar ita ce Ingilishi, da tsarin shiga jami'a da ya bambanta da namu, da yajin aikin malamai, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Mun kuma ga yadda aka rufe iyaka daga 2023 har zuwa Maris 2024.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Khartum, har da masu karatu a jami'ar ƙasa da ƙasa ta Afirka. Wasu saura musu shekara guda. An kwaso su da jaka ɗaya, takardun makinsu suna can. Duk ɗalibin da ke waje, ya karɓi takardar makinsa a ƙarshen kowace shekara, ya ɗauki hotonta ya turo gida. Gidan kuma ya ajiye kuɗin tikitin gaggawa a gefe, kada a taɓa shi don biki.

Sai a tambayi makarantar kanta. Ba kowane digiri ne ke da daraja in an dawo da shi ba. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da amincewa da digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida kacal. Kafin ku biya ko sisi ga makaranta mai zaman kanta, ku bincika ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarmu za ta amince da takardarta, ko kuma tana cikin waɗanda hukumar CAMES da ke Wagadugu ta amince da su.

Game da gona kuwa, ra'ayinmu a fili yake. A yankin Kance ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, gonar da aka jinginar ba kasafai take dawowa ba. Karatun digiri shekara uku ne zuwa biyar, likita ya fi haka, kuɗin jingina kuwa shekarar farko za su ƙare. In dangi za su haɗa hannu, a zauna a rubuta: kawu na Abijan jika nawa a wata, yaya na Kano nawa, adashin inna nawa, kuma har shekara nawa. Alkawarin "zan taimaka" a waya ba ya biyan haya. In lissafin bai kai ƙarshen karatun ba, yaro ya yi digirin farko a Damagaram, Maraɗi, Yamai ko jami'ar Musulunci ta Say, ya dage ya fito da maki mai kyau, sannan ya nemi bursun digiri na biyu. Turkiyya da sauran ƙasashe suna ba da ita a wannan matakin ma, kuma shekara biyu ce kawai za a riƙe shi.

Ɗaliban da ke ajin ƙarshe na lise yanzu, ku da ke son gwada ta Turkiyya, rajistar tana zuwa tun kafin ku zauna bak, ana kuma karɓar waɗanda za su kammala a shekarar. Ku fara neman takardun makinku na shekarun baya daga makaranta tun watan Disamba.