Annobar Korona Da Marubutan Da Ke Rubutu A Tsakar Gida

Masu karatu za su tuna cewa a ranar 13 ga Maris, 1441 bayan Hijira tana tsakiya, wato shekarar 2020, aka ba da sanarwar mutum na farko da cutar korona ta kama a Sudan. Ran 18 ga Afrilu aka kulle Khartum. Kwana biyu kafin nan gwamnatin Kano ta riga ta kulle nata birnin, ga kuma azumi ya kawo jiki. Mu a nan Abu Na'ama da Mai Wurno da sauran garuruwanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, labarin yawan jana'iza a Kano a rediyo muka riƙa jin sa, muna salati. Abin da bai iso mana sosai ba shi ne yadda marubutan ƙagaggun labarai na Hausa suka yi zaman wannan lokaci.

Mai ji daga nesa zai ɗauka kulle hutu ne ga marubuci, tunda dai aikinsa a zaune yake yi. Ba haka abin yake ba. Akasarin masu rubuta littattafan Hausa a yau mata ne, da yawansu matan aure, kuma ba su da wani ɗaki na musamman da ake kira na rubutu. A tsakar gida ake yi, ko a bakin gado bayan yara sun yi barci. To da aka kulle gari, maigida yana gida, makarantun boko da na Islamiyya a rufe, ga girkin buɗa-baki da na sahur, sai ɗan lokacin da marubuciya take samu da hantsi ya tafi. Wadda ta nace sai ta raba dare.

Kasuwa ma ta tsaya. Littafin takarda irin wanda Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi suna da shi dama ya daɗe yana ja da baya, sai ga shagunan Sabon Gari a garƙame. Wayar hannu ce ta riƙe sana'ar. Marubuciya takan danna babi guda da babban yatsa, ta tura wa ƙungiyar masu karatunta a WhatsApp, su karanta a daren, kafin gari ya waye sun cika ta da ƙorafi: don me aka saki wance, yaushe za a kawo ci gaba? Mai son ƙarshen labari ta biya da katin waya ko ta banki. A ganinmu wannan hanya tana da illa, domin labarin da ake rubutawa masu karatu na tsaye a kai ba ya samun gyara, kuma yakan yi tsawo fiye da kima. Amma ba a daina rubutu ba, ba a daina karatu ba.

Daga cikin wannan zama aka samu labarin da ya ci gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a 2020, gasar da aka fara a 2016 domin mata zalla. Sunansa "Rai da Cuta", na Maryam Umar, ɗalibar shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, a shekarar da annoba da yajin aikin malamai suka haɗu suka rufe jami'o'in gwamnati a Nijeriya tun daga Maris har Disamba. Labarin wata mata ce mai juna biyu da mijinta ya dawo daga tafiya da alamun cutar, ya ƙi yarda cewa akwai ta, har ya shafa mata. Wanda duk ya zauna a majalisar ƙofar gida a waccan shekara ya san irin wannan miji, a Sakkwato ko a Sinja.

A ɓangaren Larabci ma akwai makamancin haka. Amir Tajussir, likita kuma marubuci ɗan Sudan, ya fitar da littafinsa kan cutar Ebola da ta ɓarke a Nzara a 1976, amma shi sai a 2012, bayan shekara 36.

Mu kuwa har yanzu a baki muke riƙe da namu, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya zo ya danne labarin korona, ya warwatsa da yawa daga cikin masu ba da shi. Matsalarmu sananniya ce: muna jin Hausa, muna yin ta a gida da gona, amma da Larabci yaranmu suka koyi karatu, baƙaƙen boko kuwa na Turanci suka san su da su. Shi ya sa littattafan Kano suka fi shigo mana ta kunne, wato waɗanda ake karantawa a ɗauki murya a sa a YouTube. Tsofaffinmu da suka yi allo suna iya rubuta Hausa da ajami, kuma madannin Larabci da ke cikin kowace waya yana ɗaukar mafi yawan baƙaƙensa.