Sarki baƙo ne, ƙasa da masu ita

Wanda ya saba neman tarihin mulki a takarda zai ɗauka mutanen duwatsun da suka kewaye Mubi, irin su Gude na wajen Mugulbu da Gella ko Fali na Vimtim, ba su bar wani tunani a kan sarauta ba, tunda ba su rubuta ba. Ya yi kuskure. Tunanin yana nan a bakin dattawa, cikin labarin asali: wa ya fara sare daji, wa ya zo daga baya, wa aka miƙa wa sanda. Duk wanda ya ba da irin wannan labari, hukunci yake yankewa a kan wanda ya cancanci mulki da kuma inda ikonsa ya tsaya.

A dubi Sukur da ke ƙasar Madagali, arewa da Mubi, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Sarkinta, wanda ake kira Hidi, yana da gidan dutse a kan tsauni, hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu suna hawa zuwa gare shi. Amma zuriyarsa da kansu suna danganta asalinsu da Gudur, can cikin Kamaru ta yau. Wato gidan sarauta bai ɓoye cewa zuwa ya yi ba, kuma wasu dangogin suna riƙe da nasu muƙaman da tsafe-tsafen da sarki ba ya iya yi musu. Bahaushe bai kamata ya ji abin baƙo ba. Bayajida zuwa ya yi ya tarar da Daurama da rijiyar Kusugu, Bagauda kuma ya iske mutanen Dala da tsafinsu na Tsumburbura. Ma'anar ɗaya ce: mai sanda daban, mai ƙasa daban, kuma sarauta yarjejeniya ce tsakaninsu. Ko a gabashin Indiya, 'yan ƙabilar Munda da manyan duwatsun kaburburan kakanninsu suke nuna cewa su suka fara sare dajin ƙauye. Bayan boren Birsa Munda, wanda ya rasu a kurkukun Ranchi a 1900, sai da Turawan Ingila suka yi dokar filaye ta 1908 da ta amince da wannan haƙƙi.

Za a ce ai labarin baka ba shi da tabbas, kowane gida da irin nasa, kuma yakan sake kama da zarar an fara neman sarauta ko rikicin gona. Gaskiya ne, kuma mai neman shekarar da abu ya faru ba zai samu biyan bukata a nan ba. Amma saɓanin shi ne muhawarar. Idan gida biyu suka bambanta a kan wanda ya riga zuwa, sun dai yarda da ƙa'idar cewa riga zuwa yana ba da haƙƙi, ƙarfi kaɗai bai isa ba. Shi ma littafin tarihin sarakunan Kano da ake taƙama da shi, daga bakin mutane aka tattara shi a ƙarshen ƙarni na 19.

Sannan takarda ma tana da ɓangaren da take karewa. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da ya yi daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi. A ciki an lissafa hare-haren da ya kai kan mutanen dutse, har da Sukur, da yawan bayi da shanun da aka kwaso, kamar mai lissafin riba a kasuwa. Babu layi ɗaya da ya tambaye su ko sun ɗauke shi sarkinsu. Amsar wannan sai an hau dutsen an zauna da jikokin waɗanda aka kai wa harin.