Sahihi da Batili cikin Zancen Faifan Birki a Kadawa

Tun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya fara bin magudanan Kadawa, har ƙasar Kura da Bunkure ta zama gidan tumatir da shinkafa, motocin da ke kwasar kwanduna daga bakin gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan suke shan wahalar da motar birni ba ta sani ba, ga laka, ga ƙura, ga lodi fiye da ƙima. A bakin direbobinsu kuwa zancen faifan birki ya yawaita, gaskiya da shubuha a cakuɗe.

Masu cewa tsatsar da kan bayyana a fuskar faifai bayan mota ta kwana cikin raɓa alamar mutuwarsa ce, ba su da hujja, domin faifai ƙarfen zubi ne, tsatsa ɗabi'arsa ce, taka birki kaɗan ya isa ya goge ta. Amma dattawan direbobi da ke hana yaran mota ɗebo ruwan magudana su sheƙa wa faifan da ya yi zafi, maganarsu sahihiya ce: ƙarfen da ya ɗau wuta, idan sanyi ya afka masa farat ɗaya, yakan karkace, wani lokaci ma ya tsage, alhali da an bar shi da iska da ya huce lafiya.

Mas'alar da ta fi hatsari, a ganina, ita ce da'awar wai muddin faifai ya yi zane sai a kai shi inji a fere, ko sau nawa ne. Wannan batili ne. Kowane faifai maƙerinsa ya buga masa haddin kauri a jikinsa, galibi kimanin milimita 2 ƙasa da kaurin sabo, kuma wanda ya gaza haddin nan ba ya iya ɗaukar zafi, sai birki ya yi rauni daidai lokacin da ake bukatarsa. Saboda haka wajibi ne bakanike ya auna da ma'auni, kada ya wadatu da shafawa da yatsa, musamman idan faifan na hannu ne daga kasuwar Ƙofar Ruwa.

Batun rawar feda ƙarƙashin ƙafa kuwa, gaskiya ne tana nuna illa, sai dai sau da yawa asalinta busasshiyar laka ce ko tsatsa da ta maƙale tsakanin faifai da mazauninsa, ko notinan taya da aka ɗaure wani ya fi wani. Idan sauya faifai ya wajaba, a sauya na dama da na hagu tare, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe guda.