Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirin Doguwar Tafiya A Kan Keke Don Taimakon Marasa Lafiya

Keke ba baƙo ba ne a karkara. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwa, da shi kuma ake kai mara lafiya asibiti. Amma akwai wani amfanin keke da mutane da yawa ba su sani ba. A wasu ƙasashe, jama'a sukan hau kekuna su yi doguwar tafiya domin su tara kuɗin taimakon marasa lafiya. Abin da ake so a irin wannan tafiya shi ne kowa ya kai ƙarshe lafiya, kuɗin da aka tara kuma su isa inda aka nufa.

Wanda bai shirya ba yakan sare a hanya, wani lokaci ma har ya kwanta ciwo. Shi ya sa masu wannan tafiya suke fara shiri tun saura wata 3.

Inda Ake Yin Wannan Tafiya

A ƙasar Ingila akwai wata tafiya da ake yi daga birnin Landan zuwa garin Biraiton, wanda yake bakin teku. Nisanta mil 54 ne, wato kimanin kilomita 87. Ta ɗan ɗara nisan Kaduna zuwa Zariya. An fara yin ta a shekarar 1976, kuma a watan Yuni ake yi. Dubban mutane ne suke shiga, maza da mata, matasa da dattawa. Kuɗin da suke tarawa na wata gidauniya ce mai suna British Heart Foundation, wadda take biyan kuɗin binciken ciwon zuciya.

A ƙasar Amurka ma akwai irinta a Jihar Masacusets, ana kiranta Pan-Mass Challenge. Wani mutum mai suna Billy Starr ne ya kafa ta a shekarar 1980, bayan ciwon daji ya yi ajalin mahaifiyarsa. A shekarar farko mutum 36 ne kawai suka hau, suka tara dala 10,200. A shekarar 2024 jimlar kuɗin da aka tara tun farawa ta haura dala biliyan 1. Ana ba da kuɗin ga cibiyar Dana-Farber da ke birnin Bostan, inda ake jinya da binciken ciwon daji. Masu bin hanya mafi tsawo sukan yi kimanin kilomita 300 a cikin kwana 2.

Yadda Tafiya Take Zama Kuɗi

Mai shiga tafiya yakan je wurin dangi da maƙwabta da abokan sana'a, ya gaya musu abin da ya yi niyya da kuma dalilinsa. Kowa sai ya yi alkawarin abin da zai iya bayarwa. Wani yakan ba da nasa a dunƙule, wani kuma ya ce zai biya a kan kowace kilomita. Ga misali da naira: idan mutum ya yi alkawarin naira 100 a kan kowace kilomita, mahayi kuma ya cika kilomita 87, to zai ba da naira 8,700. Idan mahayin ya tsaya a kilomita 40, naira 4,000 kaɗai za a samu. Ashe ke nan rashin shiri hasara ce ga marasa lafiyar da ake so a taimaka wa.

A Fara Duba Lafiya

Kafin komai, ya kamata mutum ya san halin da jikinsa yake ciki. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko asma, sai ya ga likita ko ma'aikacin lafiya tukuna. Haka ma wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai yi aikin ƙarfi ba. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi yana sarƙe masa a kan keke, ya sauka nan take ya nemi asibiti. Wanda zazzaɓi ya kama shi ya bar horo sai ya warke sarai.

Horar Da Jiki Sannu A Hankali

Mutumin da yake hawa keke kullum zuwa gona yana da ƙarfin ƙafa. Amma tafiyar rabin awa daban, ta awa 6 daban. Mahayi mai matsakaicin ƙarfi yakan yi kimanin kilomita 15 a awa ɗaya a kan hanya mai kyau. Saboda haka kilomita 87 za ta ci masa kusan awa 6, ban da lokacin hutawa. Baya da wuya da hannuwa da mazaunai duk sai sun saba da wannan dogon zama.

Ana hawa sau 3 a mako. Sau 2 gajeruwar tafiya ce ta minti 30 zuwa awa ɗaya. Ta ukun ita ce doguwa, ita ake ƙara wa nisa kowane mako. Ga misalin yadda za a raba mako 12 domin tafiyar kilomita 87:

Mako na 1 zuwa na 4: doguwar tafiya ta tashi daga kilomita 10 zuwa 25.

Mako na 5 zuwa na 8: daga kilomita 25 zuwa 45.

Mako na 9 zuwa na 11: daga kilomita 45 zuwa 65.

Mako na 12: a rage sosai. Gajeruwar tafiya sau 1 ko 2 ta isa, sauran kwanakin a huta.

Ba dole ba ne mutum ya cika kilomita 87 a wurin horo. Wanda ya iya kashi 3 cikin 4 na nisan ba tare da ya galabaita ba, zai iya ƙarasa saura a ranar tafiya.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko gudun ya yi yawa. Idan mahayi yana iya hira da abokin tafiyarsa, gudun daidai ne. Idan haki ya hana shi magana, sai ya sassauta.

Me ya sa ake ƙarawa kaɗan-kaɗan? Duk lokacin da mutum ya yi aikin da ya ɗan fi na kullum, tsokar jikinsa takan gaji. A lokacin barci da hutu ne jiki yake gyara ta, ta ƙara ƙarfi. Zuciya ma tsoka ce. Da horo take saba tura jini mai yawa ba tare da wahala ba. Wanda ya ƙi hutawa, ko ya ninka nisa a mako guda, yakan gamu da ciwon gwiwa. Don haka a bar aƙalla kwana 2 a mako ba hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

A haɗa da hawan tudu a cikin horo. A hanyar Landan zuwa Biraiton akwai wani tudu da ake kira Dicilin. Hawansa ya kai kimanin kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kusa da ƙarshen tafiya, lokacin da kowa ya gaji. A nan ne mahaya da yawa suke sauka su tura kekunansu. Tura keke ba abin kunya ba ne, amma wanda ya saba da tudu tun a gida, ya kuma yi tanadin ƙarfinsa, shi ne yake hayewa a kan sirdi.

Gyaran Keke

Ba sai da sabon keke ake doguwar tafiya ba. Tsohon keke mai lafiya ya isa. Tun saura mako 2 a kai shi wurin mai gyara ya duba waɗannan:

Birki: na gaba da na baya su kama sosai. Robar birkin da ta cinye a canja ta.

Taya: wadda ta sile ko ta tsage a sake ta. A riƙa ba ta iska yadda ya kamata, domin taya mai laushi tana gajiyar da ƙafa, tana kuma saurin yin faci.

Sarƙa: a goge ƙura da yashi, a ɗiga mata mai kaɗan.

Sirdi: a daidaita tsayinsa. Mutum ya zauna, ya ɗora diddigensa a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sak, tsayin ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana jawo ciwon gwiwa.

A ɗaure duk notin da ya kwance, a tabbatar ƙararrawa tana aiki. Kowane mahayi ya koyi yin faci da kansa, ya kuma riƙe famfo da robar faci da sholisho da sifana. Kada a gwada sabon sirdi ko sabon takalmi a ranar tafiya. Abin da jiki ya saba da shi a wurin horo, da shi za a tafi.

Ruwa Da Abinci

Jiki yana ajiye wani sukari a cikin tsoka da hanta, da shi yake aikin ƙarfi. Wannan ajiya ba ta da yawa. Takan ƙare bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa 2 na aiki mai tsanani. Idan ta ƙare, ƙafafu su yi nauyi, jiki ya ɗauki rawa, ido ya fara ganin duhu. Maganin haka shi ne a riƙa cin abu kaɗan kowane minti 45 zuwa awa ɗaya tun yunwa ba ta kama ba. Ayaba da dabino da burodi da dafaffen dankali duk suna da kyau. A ci abincin safe mai riƙe ciki, irin kunu ko shinkafa, kamar awa 2 kafin a tashi.

Ruwa kuma a riƙa kurɓarsa akai-akai. Kimanin rabin lita a kowace awa ake bukata, idan ana zafi fiye da haka. Fitsari yakan nuna gaskiya: idan ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, jiki yana neman ruwa. Gumi yana fita da gishiri. Wanda ya yi gumi da yawa zai iya shan ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba mai gudawa. Ana zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

A Kula Da Zafin Rana

Watan Yuni a Ingila ba shi da zafi sosai. A Arewacin Nijeriya da Nijar kuwa, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Duk ƙungiyar da take son yin irin wannan tafiya a nan, gara ta zaɓi lokacin sanyi. A tashi da sassafe, a huta a inuwa idan rana ta take.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alamu ne cewa zafi ya fara yi wa mutum illa. A sauke shi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa. Idan ya rikice, ko yana sambatu, ko ya suma, rayuwarsa tana cikin haɗari. A ci gaba da zuba masa ruwa a jiki, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Ranar Tafiya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tashi da gudu saboda ɗoki. Mai hankali yakan fara a sannu, ya bar ƙarfinsa don ƙarshen hanya. A sa hular kwano da riga mai haske wadda direba zai hango daga nesa. A bi hannun da doka ta ce: a Ingila hagu ne, a Nijeriya da Nijar dama. A bar tazara tsakanin keke da keke, a nuna da hannu kafin a karya kwana ko a tsaya.

Masu shirya tafiya su ma suna da nasu aikin. Su bi hanyar tun da wuri, su san inda rami da mugun kwana suke. Su sanar da hukuma da sarakunan garuruwan da za a ratsa. Su tsayar da wuraren shan ruwa da hutawa da salla. Su tanadi mota da za ta biyo baya ɗauke da ma'aikacin lafiya da mai gyaran keke, domin ta kwashi duk wanda ya kasa.

Amanar Kuɗin Jama'a

Sauka daga keke ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kuɗin da aka tara amana ce. Tun farko a faɗa wa masu bayarwa wurin da za a kai su. A rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a littafi. Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi shi kaɗai. Kuɗin mai na mota da na ruwan sha a rubuta su daban, kowa ya gani. Ranar da za a miƙa taimakon a karɓi rasit, a karanta wa jama'a lissafi a fili.

A nan ma ilimin karatu da rubutu yana da amfani. Wanda ya iya rubuta suna da lamba zai iya riƙe wannan littafi, ba mai cutarsa, shi ma ba wanda zai zarge shi. Mutanen da suka ga kuɗinsu ya isa hannun marasa lafiya, su ne za su sake bayarwa idan baɗi ta zo.