Tsohon teburin rubutu: nawa ne kuɗinsa?

Garhanga gari ne na ƙasar Adar, cikin gundumar Kaita ta jihar Tawa. A nan, kamar a Buza da Madawa, akan tarar da tsohon teburin rubutu a zauren wani gidan sarauta ko na tsohon mushen lakwal, an jingine shi a bango, an jibga masa buhunan hatsi, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Ran da dillalin kayan da ya biyo ya taya shi jika biyu ko uku, sai magada su ga kamar tsintuwa suka yi. Sau da yawa kuwa da hasara suka rabu da shi.

Mai son sanin darajar irin wannan tebur, da katako zai fara. Adar ƙasar duwatsu ce, ba ta da manyan itatuwan da ake yanka allunan katako masu faɗi, saboda haka tebur mai kyau daga kudu katakonsa ya fito. In an kankare ɗan wuri a ciki aka ga ja, mai nauyi, to wataƙila maɗaci ne, kuma shi ne mai daraja. In fari ne sakwat, a duba bayansa: kafintocin zamanin mulkin mallaka sukan farke akwatunan da aka kawo kaya daga Faransa su yi aiki da su, har akan iske haruffan kamfani ba su goge ba. Wannan ba abin ƙi ba ne, shaida ce ta shekaru. Sa'an nan a ƙwanƙwasa ƙafafu. Inda ya yi amo kamar ganga, gara ta riga ta cinye cikinsa.

Aikin hannu ma yana faɗin zamaninsa. Zarton hannu yakan bar zane miƙaƙƙe amma ba daidai ba, na inji mai juyawa kuwa zanensa a lanƙwashe yake. A zaro aljihun tebur a duba kusurwa: in katako ne aka sassaƙa ya shiga cikin ɗan'uwansa kamar yatsun hannu biyu, gwani ne ya yi, in ƙusa ce kawai ta riƙe, aikin gaggawa ne. Ƙusar murɗawa mai kan gicciye ba ta bazu a duniya ba sai bayan 1930, don haka ko teburin bai kai shekarun da ake ba shi ba, ko an taɓa gyara shi.

Amma fa babbar dukiya ba a katako take ba, tana cikin aljihun. A kan irin waɗannan tebura ne marubutan sarakunan kanto suka riƙa rubuta sunayen masu biyan lanho, da na waɗanda aka ɗiba aikin tilas kafin a soke shi a 1946. Rasit guda mai kwanan wata da hatimin kumandan ya fi rantsuwar tsofaffi goma tabbatar da shekarun tebur, kuma yana iya raba gardamar gona ko ta asali. Wasiƙar ajami kuwa, a ɗaga ta wajen rana: in an ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake yi a Italiya ce, wadda fatake suka daɗe suna kawowa ta Sahara. Abin takaici, irin waɗannan takardu ne ake ƙunshe ƙosai da su.

Akwai inda ake adana su. A Yamai, cibiyar binciken IRSH tana riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami kimanin 4000, waɗanda marigayi Bubu Hama ya aza harsashin tara su, kuma gidan tarihi na ƙasa, da aka buɗe a 1959, sunansa yake ɗauke da shi. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin Nijar, ba a fitar da su waje sai da izinin hukuma. Kowa ya ga yadda aka wawashe kayan yumɓu na Bura, waɗanda aka gano a 1975, suka ƙare a kasuwannin Turai, talakawan da suka tono su kuwa ba su sami abin kirki ba.

Kafin masani ya zo ya gani, kada magada su yi wa tebur fenti, kada su shafe shi da baƙin mai don korar gara kamar yadda aka saba yi wa azara, domin duka biyun suna kashe kuɗinsa. A ɗora ƙafafunsa kan duwatsu, a janye shi daga bango, a kare shi daga yoyon damina da iskar hunturu mai tsaga katako. Takardun kuma a shimfiɗa su cikin akwatin ƙarfe ba tare da an naɗe ba, a sa wani dattijon gidan ya faɗi wanda ya yi aiki a kan teburin, yaro ɗan makaranta ya rubuta.