Haɗewar 1945: Yadda Ɗariku Biyu na Fentikos Suka Zama Ɗaya a Amurka

A watan Satumba na 1945, a birnin St. Louis na jihar Missouri, ɗariku biyu na Kiristoci 'yan Fentikos, wato masu ɗaukar magana da harsunan da mutum bai koya ba a matsayin shaidar saukowar Ruhu Mai Tsarki, suka dunƙule a ƙarƙashin suna ɗaya, United Pentecostal Church. Ɗaya ita ce Pentecostal Assemblies of Jesus Christ, ɗayar kuwa Pentecostal Church Incorporated, kuma dukansu sun tsiro ne daga wata rigima da ta girme su.

Rigimar ta samo asali a 1913, a wani taron wa'azi da aka yi a Arroyo Seco kusa da Los Angeles, inda wani mai wa'azi ɗan Kanada, R. E. McAlister, ya jawo hankalin jama'a ga cewa manzanni sun yi wa mutane baftisma da sunan Yesu kaɗai, ba da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba. Daga maganar lafazin da fasto zai furta yana tsaye cikin ruwa, sai zance ya kai ga musun Triniti, aƙidar da ke cewa Allah ɗaya ne cikin uku, har masu sabon ra'ayin suka tsaya a kan cewa Uba da Ɗa da Ruhu hanyoyi ne da Allah guda ya bayyana kansa. A 1916 ɗarikar Fentikos ta Assemblies of God ta jaddada Triniti a rubuce, fastocinta 156 daga cikin 585 suka fice.

Waɗanda suka fice ba su daɗe a inuwa ɗaya ba. Da yawansu sun shiga Pentecostal Assemblies of the World, inda baƙaƙe da farare ke ibada tare, amma dokokin wariyar launin fata a kudancin ƙasar, waɗanda suka hana a sauki mahalarta taro a masauki ɗaya, sun ba fararen hujjar janyewa a 1924, ko da yake ba doka kaɗai za a ɗora wa laifin ba. Daga gutsattsarin wannan rabuwa aka samu ɗarikun da suka haɗu a 1945.

Abin da ya kusa wargaza shirin haɗewar shi ne ma'anar sabuwar haihuwa, wato lokacin da mutum ke samun ceto. Galibin 'yan ɗarika ta farko sun riƙe cewa ceto ba ya cika sai an tuba, an yi baftisma da sunan Yesu, an kuma yi magana da harsuna, suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 2:38, alhali wasu a ɗarika ta biyu suna ganin an sami ceto tun a lokacin tuba, sauran matakan biyayya ne da ke biyo baya. Maimakon a yanke hukunci, sai aka tsara sanarwar aƙida da ta ambaci matakan uku, aka liƙa mata gargaɗin cewa kada kowa ya dage kan fahimtarsa har ya raba kan jama'a. Shugabanci ma raba shi aka yi, Howard Goss na ɗarika ta biyu ya zama babban shugaba, W. T. Witherspoon na ta farko ya zama mataimakinsa.

Wannan dabara ta rufe ɓaraka, amma ba ta ɗinke ta ba, domin a hankali ra'ayi mai tsauri ya rinjaya. An ƙara kalmar International a sunan ɗarikar a 1972, sannan a 1992 babban taronta ya wajabta wa fastoci sa hannu a takardar amincewa da aƙidar da dokokin tsarkin rayuwa, lamarin da ya sa wasu daga cikinsu suka ajiye takardun limancinsu suka kama gabansu.